Mu Koma Ƙauye? Abin Da Na Gano A Ƙasar Ƙaraye Da Rogo



Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, wata magana ta shigo gidajen aure a birni wadda a da ba a cika jin ta ba. Maigida zai dawo da yamma, ya ajiye ledar cefanen da ba ta kai rabin ta bara ba, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ni fa na fara tunanin mu tattara mu koma ƙauye mu noma abin da za mu ci." A tsakiyar 2024, lokacin da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda, har matan da ba su taɓa riƙe fartanya ba sun fara jin maganar da daɗi. Hatsi ya sauko a 2025, amma kuɗin haya da na wuta da na makarantar yara ba su biyo shi ba, don haka maganar tana nan da ranta.

A ajin matan aure na islamiyyar da nake koyarwa an kawo mini wannan batu ta fuskoki daban-daban. Wata mijinta ya yi ritaya yana son ya zuba kuɗin sallamarsa a gona. Wata kuma gado ne ya faɗo mata a ƙauyen kakanninta, 'yan'uwanta maza suna cewa ta karɓi kuɗi ta bar musu ƙasar. In kuwa aka zo zancen inda za a nufa, sunan Ƙaraye kan fito da wuri, don kowa ya ji labarin dam. Da yake ina da dangi ta wajen uwa a can, na je sau biyu takanas saboda wannan tambaya, ɗaya a watan Maris da rani ya yi tsanani, ɗaya a Agusta tsakiyar damina. Lissafin da na tafi da shi irin na uwargida ne: in aka sauke ni a nan da 'ya'yana, me za mu ci, me za mu sha, wa zai yi aikin, kuma in abu ya taso da dare wa za mu kira?

Daga Kabuga ake shiga mota, a bi titin Gwarzo ta Rimin Gado, sannan a karkata kudu. Mai sammako zai je ya gama uzurinsa ya kwana a Kano. Tun kafin ki isa za ki ga ƙasa ta canja kama. Jigawar nan mai yashi ta arewacin Kano, irin ta su Ɗambatta, an baro ta; nan ƙasa ce mai ja, ga laka a kwari, ga duwatsu jefi-jefi, ga ɗorawa da kuka da tsamiya da mangwaro a tsakiyar gonaki. Ruwan sama ya fi sauka da wuri ya kuma fi daɗewa, daga Mayu zuwa farkon Oktoba in shekara ta yi kyau. Shi ya sa masara ke yi, dawa ke yi, ga waken suya da gyaɗa da dankali, ga shinkafa a fadama. In kika zarce Rogo, wadda ta yi iyaka da jihar Kaduna ta wajen Maƙarfi da kuma jihar Katsina, sai ki tarar da rake. Sunan garin dai Rogo, amma ni rake da masara na fi gani a bakin hanya.

To, ta fuskar albarkar ƙasa ba ni da ja. Ƙasar Ƙaraye za ta ciyar da iyali. Tambayar ita ce, wace ƙasar, kuma ta wa?

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Ƙaraye mutum 141,407 a faɗin murabba'in kilomita 479, ta ba Rogo mutum 227,742 a murabba'in kilomita 802. Ki raba ki gani: kusan mutum 300 ne a kowane murabba'in kilomita, tun a wancan lokacin, kuma yaran da aka haifa a shekarar yanzu wasunsu sun yi aure suna neman gonar kansu. Na faɗi haka ne saboda mazajenmu suna kallon bidiyon Turawan Amurka a YouTube, mutum da matarsa sun gina ɗan gidan katako a dawa, ga kaji ga lambu, babu maƙwabci sai tsuntsaye. Wannan al'ada tasu tana da tushe: a 1862 gwamnatin Amurka ta yi doka ta ba da eka 160 ga duk wanda zai zauna ya noma ta shekara 5, ƙasar da aka ƙwace daga mutanen asalin wurin. A Ƙaraye babu irin wannan. Duk fegin da idonki ya sauka a kai yana da mai shi, kuma sau da yawa masu shi, don gonar kaka ce da 'ya'ya da jikoki ke nomawa ba a taɓa raba ta a gaban alƙali ba.

A nan 'yan birni ke faɗawa rami. Wani daga cikin magada zai zo da fara'a ya ce gonar tasa ce, a yi ciniki, a biya, a yi huɗa, sai shuka ta fito sannan ƙanwarsa da ke aure a Zariya ta aiko da sammaci. Kuma tana da gaskiya. Bayan haƙƙinta na gado, akwai abin da fiƙihunmu na Malikiyya ke kira shuf'a: in ɗaya daga cikin masu tarayya a ƙasar da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da damar ya biya kuɗin ya karɓe. Saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce yadda gonar ta zo hannunsa. In gado ce, an raba? Su wa suka shaida? Ina matan gidan, sun sa hannu? A zaga iyaka ƙafa da ƙafa tare da maƙwabtan gonar na kowace kusurwa, a rubuta takarda a gaban mai unguwa da dagaci, a kai wa hakimi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar riƙon ƙasa a karkara, don haka kada a tsaya a takardar hannu, a bi ta har sakatariya.

Sarautar yankin ta sha juyi a 'yan shekarun nan. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayun 2024 aka soke wannan doka, a Yulin shekarar kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan wata da ta mayar da ita masarauta mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo. Duk wannan juyi a sama ake yin sa. A ƙasa, mai unguwa da dagaci su ne suka san wace gona ce ta wa tun zamanin kakanni, kuma baƙon da ya raina su ya tsallake su ya yi wa kansa.

Akwai aro, akwai haya ta shekara, akwai kuma jingina, inda mai kuɗi ke ba da bashi ya riƙe gona yana noma ta har ranar da aka biya shi. Jingina tana da araha shi ya sa take jan hankalin baƙo, amma malamai da yawa suna ganin cin amfanin gona a kan bashi riba ce. Uwargida, in maigida ya zo miki da wannan, ki ce masa ya fara biyawa ta wurin malami. Ke kuma da gado ya faɗo miki, shawarata kada ki yi gaggawar karɓar kuɗi. Ki nemi a fitar miki da kasonki da shaidu, a dasa gamba ko bini-da-zugu a kan iyaka, in ya so ki ba ɗan'uwan naki haya ya ci gaba da nomawa. Kuɗi zai ƙare a hidimar biki guda, gonar kuwa jikokinki za su tarar da ita.

Sai batun ruwa, wanda shi ne ya sa ake ambaton Ƙaraye tun farko. Dam ɗin Challawa abin kallo ne, ban ƙi ba. Hukumar WRECA ce ta fara aikin, kamfanin Julius Berger kuma ya gina shi tsakanin 1990 da 1992 a kan kogin Challawa, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Tsawon bangonsa kilomita 7.8, tsayinsa mita 42, kuma in ya cika yana ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Ranar da na tsaya a gefensa da hantsi, ruwa iya ganinki, masunta na fitowa da tarwaɗa da karfasa, iska mai sanyi tana kaɗawa alhali a Kano ana fama da zafin Maris, na gane dalilin da namiji zai zo nan sau ɗaya ya koma gida yana zancen ƙaura.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wannan ruwa an tare shi ne a riƙa sakinsa ta kogi, ya gangara ya shayar da birnin Kano ya wuce kwarin Haɗeja. A Kura da Kadawa ruwan Tiga yana bin magudanai ya zo har bakin gona, manomi ya buɗe ya rufe. Masu noman ranin da na gani a nan kuwa da inji suke jan nasu, kuma inji fetur yake sha. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farkon 2023 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kin ga kuwa duk tumatir da albasa da tattasan da aka shayar da ita sai sun biya wannan kuɗi kafin a yi zancen riba. Masu hali sun koma injin sola, wanda kuɗin sayensa ke da nauyi amma ba ya neman mai kullum. Sannan bakin ruwan ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba. Da rani yana ja da baya ya bar fili mai laima da kowa ke rububi, da damina ya dawo ya shanye shi. Gonar da aka nuna wa maigida a Maris a ce "ga ruwa a gindinta", a je a gan ta a Agusta, wataƙila kwalekwale ne zai kai shi. Wadda kuma ke kan tudu, tafiyar rabin awa daga dam, da ita da gonar da ba ta taɓa jin sunan dam ba duk ɗaya ne, ruwan sama za ta jira.

Ruwan sha ma wani babi ne. Ƙarƙashin ƙasar yammacin Kano dutse ne, ruwa yana taruwa ne a inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage. Shi ya sa za ki ga wannan gida rijiyarsa ba ta ƙafewa, na bayansa ya haƙa burtsatse ya ƙone kuɗinsa a banza. An ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, to a nan sai an ƙara da sanin inda za a tona. A kira masu awo kafin a kira masu haƙa. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce wadda na bi: a watan Maris ki leƙa rijiyar unguwar da kanki, ki ƙirga gaba nawa igiya ke shiga, ki ga ƙarfe nawa mata ke fara layi. A wani ƙauye da na kwana, tun kafin kiran assalatu na ji ƙarar guga.

Yanzu mu zauna mu yi lissafin tukunya. Ɗauki gida mai mutum 8. In aka haɗa tuwon dare da kunun safe da abin rana, da abin da surfe ke cinyewa, kwano 2 na hatsi a rana ba almubazzaranci ba ne. A shekara kwano 730 ke nan, in buhu kwano 40 ne, buhu 18 da ɗoriya. Ki ƙara iri, ki ƙara baƙi da dangin birni da za su riƙa aiko da buhu a cika musu (za su aiko, kada ki yi shakka), ki fitar da zakka, ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka shayar da inji, muddin ya kai nisabi na sa'i 300. Kin doshi buhu 22 ko fiye. Matsakaicin abin da hekta guda ta masara ke bayarwa a Nijeriya kusan tan 2 ne, wato wajen buhu 20. Ashe hatsi kaɗai ya cinye fiye da hekta. In za a yi wake da gyaɗa da ɗan abin sayarwa, ana zancen hekta 2, eka 5 ke nan. Wanda ya sayi fegi biyu ya ce zai daina zuwa kasuwa, lambu ya saya.

Masarar kuma ba ta yi sai da taki. Cikakken ma'aunin da malaman gona ke bayarwa a hekta ya kai buhu 10 in an haɗa kamfa da yuriya, kuma manoma kaɗan ne ke iya cika shi. Abin da ya faru a 2025 ya isa darasi: taki ya yi tsada, hatsi ya faɗi a kaka, da yawa ba su mayar da kuɗinsu ba. Ga mai noman ci wannan bai kai ga karya shi ba, tun da rumbunsa ya cika, amma kuɗin takin baɗi daga ina? Tsofaffin wurin sun fi mu dabara. Suna haɗa dawa da wake, don dawa tana haƙuri da ƙarancin taki, wake kuma yana gyara ƙasa. Suna tara kashin dabbobi da sharar gida tun rani a kai gona da amalanke. Wasu suna sauke Fulani a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. In za a sayi iri, a nemi ingantacce irin wanda cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya ke fitarwa, a kuma nemi malamin gona na KNARDA, kada a dogara da na bakin kasuwa. Sannan in kin ga gona ta yi fure ja-ja mai kyau a gindin dawa wajen Satumba, kada ya burge ki. Ƙuduji ne, alamar ƙasa ta gaji, kuma shekaru ake yi ana yaƙi da shi.

Noma abinci daban, adana shi daban, kuma ajiya a hannunmu mata take. Wake shi ne mai saurin lalacewa. Ina roƙonki da Allah, kada ki yarda a zuba fiya-fiya ko a jefa ƙwayar bom barkatai a abin da yaranki za su ci, balle a ajiye buhun a ɗakin da ake kwana. Akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. In wake ya bushe sosai aka ɗaure bakin da kyau, ƙwari suna mutuwa don rashin iska, ba magani ko ɗigo. Masara da gyaɗa kuma a tabbata sun bushe ƙayau kafin a ɗaure, don funfunar da ke kama su tana da dafi mai cutar hanta.

Ko rumbu ya cika, akwai abin da gona ba ta tsirowa: gishiri, manja, sabulu, magani, littafin yara, kuɗin mota. Babu gidan da na shiga a Ƙaraye ko Rogo da ke rayuwa da abin gonarsa kaɗai. Maigida yana da rake ko waken suya na sayarwa, ko yana fataucin dabbobi a kasuwanni irin ta Getso, ko ya tafi cin rani. Matan kuwa ba na jin akwai mai zaman banza a cikinsu. Wannan tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, waccan awara, wata daddawa, wata turara shinkafa, kusan kowace tana da awakinta da kajinta, su ne bankinta ranar suna ko ranar asibiti. Waɗanda ke kusa da Kusalla, inda sansanin masu yi wa ƙasa hidima na jihar Kano yake, suna samun kasuwar abinci ta mako uku duk lokacin da aka kawo sabon rukuni. Ke da za ki zo da ilimi kina da abin da ake nema: mai iya koyar da matan aure karatu, ko ɗinki, ko mai takardar aikin jinya, ba za ta rasa wurin zama ba. Amma kada ki sa ran kuɗin wata irin na birni. Wani lokaci da kwanon gero za a sallame ki.

Ga wani abu da ban taɓa jin namiji ya sa a lissafinsa ba. Shi aikinsa yana da lokaci, huɗa, shuka, noma, maimai, girbi, ya huta. Namu ba shi da kaka ba shi da rani. Buhun nan 22 kafin ya zama tuwo sai an sussuka, an sheƙe, an surfa, an wanke, an shanya, an kai inji, an tankaɗe. Ruwa sai an ɗebo, itace ko kara sai an samo, dabbobi sai an ba su dusa da harawa. Matar da ta saba da gas da famfo ta tambayi kanta tsakaninta da Allah ko jikinta zai ɗauka. In kuma tana cikin kulle, to aikin waje a kan wa zai faɗa? A kan yara, musamman mata. Na ga yarinya 'yar shekara 10 da ta yi sawu huɗu a rijiya kafin ƙarfe takwas, ta isa aji tana gyangyaɗi. A matsayina na malama wannan ya fi komai tsaya mini a rai. In za a koma, a yi yarjejeniya tun a birni: rijiya a cikin gida ko ɗan garuwa da za a riƙa biya, murhu mai tsimin itace, da sharaɗin cewa lokacin makaranta na makaranta ne. A kuma duba nisan sakandaren 'yan mata tun yarinyar tana aji uku na firamare. Makarantar allo da islamiyya ba a rasa su a ko'ina.

Dam yana da nasa haraji a jikin yara. Inda ruwa ya kwanta sauro na nan rani da damina, gidan sauro ya zama dole. Yaran da ke wanka da kamun kifi a bakin ruwa kuma suna ɗaukar tsargiya, ki ga yaro yana fitsarin jini, wasu iyayen har suna ɗauka alamar balaga ce. Cuta ce, tana da magani a asibiti, in an bar ta tana lalata mafitsara. Akwai babban asibiti a garin Ƙaraye, akwai a Rogo, sai dai abin aunawa shi ne minti nawa za a yi daga ƙofar gidanki zuwa can da ƙarfe biyun dare a watan Agusta, da mace mai naƙuda, a hanyar da ruwa ya yanke. A ƙauyen da na sauka da damina sai da muka bar mota muka hau babur, wani wurin ma muka sauka muka tattare zani. Mai tsohon ciki ko mai hawan jini ko mai yaro sikila, ta zaɓi cikin gari ko bakin kwalta, gona ta zama wurin zuwa a dawo. Wutar lantarki kuwa, tun zangon Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin samar da ita daga Tiga da Challawa, amma ke dai ki tambayi matan unguwar sau nawa suka ga wuta a makon da ya wuce, ki sa kuɗin ƙaramar sola a lissafi.

Ƙaraye gari ne na bakin iyaka tun asali. Tarihin Kano ya kawo labarin Wambai Giwa, a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki a farkon ƙarni na 17, wanda ya zauna a nan yana gwabzawa da Katsinawa. Yau Katsinawa 'yan'uwa ne da surukai, amma iyakar tana nan, kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi jihar Katsina ta fara leƙowa: a ƙarshen 2025 an kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, can arewa da Gwarzo. Ni a zuwana biyu lafiya na kwana lafiya na tashi, mutane na harkokinsu. Amma mafarkin nan na gina gida shi kaɗai a tsakiyar gona, da jan kwano da farin fenti da mota a ƙofa, a ajiye shi. Mutanen wurin ba haka suke zama ba, kuma ba don rashin wayewa ba ne. Suna zama a dunƙule, gona tana waje. Maƙwabci shi zai ji ihunki, shi zai ara muku shanun huɗa, shi zai zo gayya, matarsa ce za ta riƙe ki ranar haihuwa kafin mota ta zo. Baƙon da ya zo da girman kai, ba ya zuwa jana'iza ba ya zuwa suna, yana kiran mutane ƙauyawa, ko awakin wani sun shiga gonarsa ba mai gaya masa.

Don haka in wata ta tambaye ni ko su tafi, sai na fara tambayarta ko suna da wani a can. Mai dangi ko gonar gado a Ƙaraye ko Rogo, da 'yar sana'a ko fansho da zai riƙa shigowa duk wata, ina ganin ta ci gaba da shiri, wurin zai karɓe ta. Wanda ba shi da kowa kuma kuɗin sallamarsa ke nan duka, kada ya sayar da gidan birni, kada ya ajiye aiki. Ya karɓi hayar eka 2 ta hannun mutumin kirki, ya noma damina guda yana zuwa duk ƙarshen mako, ya sayi littafi ya rubuta kowace naira: huɗa, iri, taki, feshi, 'yan ƙwadago, kuɗin mota, dakon buhu. Ke ma ki je da yara hutun ƙarshen zango ku yi mako biyu a gidan da ba famfo, ki yi girki da kara, ki ji yadda abin yake a ƙugunki. In kaka ta yi a ƙirga buhu, a buɗe littafi, a kwatanta da abin da kuɗin zai saya a Dawanau.

In an wuce wannan aka zo saye, a ga gonar sau uku kafin a biya: a Maris don rijiya, a Agusta don hanya da ambaliya, a Satumba don ƙuduji. Kuma ranar zagaya iyaka, uwargida, ki sa a tafi da wani naki, ɗan'uwa ko babban ɗanki, ya ga komai da idonsa. In akwai kuɗinki a ciki, ko na awakinki ne ko na sarƙar da kika sayar, a rubuta sunanki da kasonki a takardar tun a ranar, a gaban dagaci.